Haƙoran Kofur Tanko Mai Begila

Ni ne Sanda, wanda mutanen Tudun Wadan Zariya ke kira Sanda Mai Haƙori. Asalina maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari. Zobe da awarwaro da 'yan kunne na tashi ina ƙerawa. Da jirgin ƙasa ya iso Zazzau ya fara zubo mana tarkacen kanti, sai mata suka juya wa azurfarmu baya, suka koma sayen gwangwani mai ƙyalli wanda wanka ɗaya ke kore wa launi. A lokacin ana ta labarin ƙasar Gwalkwas, wai can zinariya ake tonowa kamar gwaza. Na ɗaure awartakina da magagarina a buhu, na bi labari.

Ikko na fara sauka, inda ake hawa jirgin ruwa. Ban ko gama karkaɗe tokar jirgin ƙasa daga rigata ba wani Bahaushe ya tare ni, dogo, da wankakkiyar riga da carbi har gwiwa.

"Sannu da hanya, ɗan'uwa. Daga ina?"

Na ce Zariya.

Ya dafe ƙirji. "Ikon Allah. Ai kakata Bazazzagiya ce."

Daga baya na ji cewa kakar nan tasa takan zama Bakatsiniya da safe, Bakanuwa da azahar, gwargwadon wanda jirgi ya kawo. Malam Bawa sunansa. Ya ce baƙo ba ya sayen tikitin jirgin ruwa da kansa, akawuna cuta gare su. Ya karɓi guzurina ya shiga wani lungu, ya fito da takarda mai hoton jirgi a tsakiya da rubutun boko kewaye. Ya yi mini addu'a mai tsawo, har da shafawa. Ranar tafiya na miƙa wa akawun bakin ruwa takardar nan. Ya duba, ya kira abokinsa, su biyu suka yi dariya har da riƙe ciki. Ashe takardar jikin gwangwanin kifi ce.

Haka na koma dako a bakin ruwa, ni da hannun da ke zana fure a kan zobe. Hausawan wurin kuwa kowa ya ji labarina sai ya ce, "Ai Bawa ne," yana murmushi kamar ana maganar wani ɗan gari mai abin alfahari. Duk sun san shi, duk suna sallah sahu ɗaya da shi. Wadda ta dube ni da idon rahama wata tsohuwar Bayarabiya ce mai tuyar ƙosai. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta ga ina kwana a gindin tulin buhuna, ta nuna mini rumfarta da tabarma. Kullum in ta tashi daga tuya sai ta tara mini ɓarɓashin ƙosai a ganye. Da na tara kuɗin jirgi zan tafi, na gyara mata ɗan kunnenta da ya tsinke, ta sa shi tana juya kai kamar budurwa.

Teku ba abin da zan ce a kansa sai dai Allah ya raba bawansa da shi. A sararin jirgi aka zuba mu tare da awaki. Akwai wani mai sayar da layar hana amai, ya yi ciniki sosai kafin a tashi, kuma shi ya fara rataya a jikin ƙarfe yana kakari. Da muka isa Ankara, babban birnin Gwalkwas, sai na ga ashe jirgi ba ya kai wa gaɓa. Can nesa yake tsayawa, a riƙa sauke mutane cikin kwale-kwale kamar buhunan gishiri. Na isa ƙasa jiƙe sharkaf, rungume da kayan aikina.

Zinariya kuwa ban gan ta ba sai a wuyan matan attajirai. Maƙeran garin suna da ƙungiyarsu da takardar izininsu, ba sa buƙatar baƙo. Na zauna a zango ina cin wani tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ganye, wai shi kenke, ina haɗiya ina tuna tuwon dawar gidanmu. Mai masaukina da ya gaji da ganina ya ce akwai wani Kwara, cikin fararen Larabawan nan 'yan kasuwa, mai yin haƙora, yana neman mai lallausan hannu wanda zai kuma yi masa tafinta da fataken goro.

Hawaja Salim sunan Kwaran, amma Dokta yake so a ce masa. Gajere ne mai tumbi, da farar riga wadda ba ta taɓa ganin aiki ba. Shagonsa na saman bene, an zana ƙaton haƙori a ƙofa. A ɗakin baya na tarar da mai aikin na gaskiya, wani tsohon Bafante, ɗan ƙabilar bakin tekun ƙasar, da ake kira Baba Kofi, siriri, idanunsa jajaye saboda shan bammi. Yana jin Hausar zango. Shi ya gaya mini cewa Dokta atamfa da madubi yake sayarwa a da. Wani Bature mai haƙori ne zai koma ƙasarsu, aka yi gwanjon kayansa, Salim ya sayi kujerar da tukunyar da akwatunan haƙora.

"Ni ma a cikin gwanjon nake," in ji Baba Kofi. "Wanda ya sayi doki, da sirdi yake tafiya."

Ga yadda aikin yake. Za a danna wa mutum kakin zuma mai ɗumi a baki, ya fito da siffar dasashinsa. A zuba wani farin gari da ake kwaɓawa ya daskare kamar dutse, sai ga bakin mutum a kan tebur. A jera haƙoran tangaran a kan kaki, kowanne da 'yan ƙusoshi biyu a bayansa, sirara kamar tsinken sakace. Daga nan a narkar da kakin, a cusa jar roba mai laushi a gurbinsa, a rufe cikin tukunyar ƙarfe mai murfi da ake ɗaurewa tam, a dafa da tururi har robar ta yi tauri kamar ƙaho. Ita ce take zama dasashin. To tangaran da roba ba sa ga maciji. Ba sa mannewa, ƙusoshin nan kaɗai ke riƙe da zumuncin. Salim kuwa haƙora masu arha yake saye, waɗanda ƙusoshinsu ke tsatsa da yawu. Ga rowar gawayi. Kullum yana leƙowa yana cewa a sauke tukunya haka nan, wuta ba kyauta ba ce.

Sakamakon haka, duk Bahaushen da ya sa haƙoranmu ya gatsa goro, sai ya dawo da haƙori a aljihu. Nan aikina na biyu yake farawa.

"Gaya masa bakinsa ne a karkace," in ji Salim.

Sai in ce, "Maigida, Dokta ya ce bakinka ne a karkace."

Abin takaici, sai ka ga babban mutum da rawani, wanda ya ratso daji da jakuna tun daga Kano, ya shafa haɓarsa ya ce, "To, ai Dokta ya fi mu sani." Ya sake biya a mayar masa. Na rasa wanda ya fi ba ni haushi, mai cutar ko masu miƙa wuya.

Ana nan wata ranar da hantsi wani ɗan sanda ya hawo benen, kofur, baƙi kakkaura, ya rufe bakinsa da tafin hannu. Ya ajiye dasashin roba a kan tebur, da giɓi biyu a gaba. Ya kwance hankici, ga haƙori ɗaya.

Salim ya ce in tambaye shi ina ɗayan.

"Na haɗiye," in ji kofur ɗin.

Sunansa Kofur Tanko, shi ne mai busa begila a barikin 'yan sanda. Dokin wani hafsa ne ya harbe shi a baki, haƙoransa na gaba na sama suka zube. Mai begila kuwa da haƙoran gaba yake ci. Bakin begilar na danne leɓe, leɓe na jingina da haƙora, in babu su iska sai ta bi gefe. Ya zo Salim ya yi masa na tangaran. Ranar fareti, a gaban Baturen 'yan sanda, ya ja numfashi ya busa, haƙora biyu suka ɓalle, begilar ta yi kukan akuyar da aka shaƙe. Kurata suka kasa riƙe dariya. Bature ya ce in babban fareti mai zuwa ya sake haka, ya ajiye kaki. Ajiye kaki kuwa shi ne fita daga ɗakin bariki da mata da 'ya'ya, ga shi saura kaɗan ya kai ga fansho.

Na juya wa Salim duk wannan. Ya ɗaga kafaɗa.

"Gaya masa haƙoran murmushi na sayar masa, ba na busa ba."

Na gaya masa. Kofur bai yi faɗa ba. Ya tattara kayansa a hankici, ya ce a hankali, "Begilan nan shi ne abincina."

Begilan nan, ba begilar nan ba. Duk duniya ba mai magana haka sai namu. Na bi shi matakala.

"Yallaɓai Kofur, kai Bazazzagi ne?"

Ya juyo. "Daga Giwa. Kai fa?"

"Tudun Wada."

Ya kama hannuna bai saki ba. Ya tambaye ni ko Kubanni tana nan tana cika da damina, ko har yanzu ana hango dutsen Kufena daga tashar jirgi. Ya bar gida tun kafin a yi Tudun Wada sosai, yana tuna wurin da 'yan bukkoki. Na ce ya bar mini dasashin, zan ga abin da zan iya.

Salim yakan hau gado bayan cin abincin rana, ba ya tashi sai la'asar sakaliya. Wannan ne lokacinmu. Na ce wa Baba Kofi ai abin mai sauƙi ne. Ƙusoshin ne na banza, ni kuwa maƙerin fari ne. Zan ja wayar azurfa in ɗaure haƙoran da juna ta baya, in binne wayar cikin roba.

"Roba yana cin azurfa," in ji shi.

Na dube shi, tsoho mai warin bammi, zai koya mini halin azurfa, ni da na yi rarrafe a cikinta. Na narkar da zoben da ke hannuna, na ja waya, na yi ɗauri mai kyau wanda ko ubana zai yaba. Muka dafa. Da muka buɗe, wayar ta yi baƙi ƙirin, robar da ke kewaye da ita kuma ta ƙi yin tauri, tana dannuwa da farce. Duk da haka na kira Kofur bayan shago ya gwada. Busa ɗaya, haƙori ya yi tsalle ya faɗa kwata.

Baba Kofi bai yi dariya ba, abin da ya fi dariya ciwo ke nan. Ya ce akwai farar wuta a cikin robar, ita ke sa ta tauri in ta ji zafi, ita kuma farar wuta da azurfa abokan gaba ne. Tsohon maigidansa ya nuna masa tun yana saurayi.

Na ce, "To Baba, in ka san wannan, me ya sa haƙoranka ke zuba?"

"Domin ba wanda ya tambaye ni," in ji shi. "Kwara yana so a gama, ni ina so in tafi gida."

Daga ranar muka haɗa kai. Shi ya san inda laifin aikin yake. Ya ce kakin da ake narkarwa ba ya fita duka, yakan bar maiƙo a bayan haƙori, kuma roba ba ta zama a kan maiƙo. Sai an wanke da tafasasshen ruwa da toka, a sake wankewa, har ya yi ƙara in an goga yatsa. Ya ce wuta kuma a hankali ake hawa da ita, in robar ta dahu a bar tukunya ta huce da kanta, ba a kwara mata ruwan sanyi yadda Salim ke sa mu yi ba. Ni kuma na tuna yadda muke dasa dutse a zobe. Ba ma sa danƙo. Gurbi muke yi wanda zai rungume dutsen ya hana shi fita. Na ce me zai hana mu yi wa haƙorin kansa rami a baya, ciki da faɗi baki matsattse kamar tulu, roba ta shiga tana da laushi, in ta yi tauri ta rasa hanyar fita.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Akwai wani keke da ake takawa da ƙafa, mai ɗan dutsen niƙa a baki kamar ƙwayar gero. Da shi na riƙa sassaƙar tangaran. Na farko ya tsage, na biyu ya tsage, na bayansu ma haka. Akwai akwatin rubabbun haƙora da mutane suka dawo da su, a kansu na koya. Baba Kofi ne ya lura zafi ke fasa su, ya tsaya a kaina yana ɗiga ruwa daga tsumma ina niƙa. Hannunsa na rawa, rabin ruwan a wuyana yake sauka. Muka zaɓo haƙoran da ƙusoshinsu ba su da tsatsa daga tsohon akwatin Bature, na lanƙwasa kan kowace ƙusa kamar ƙugiya. Muka ƙara wa robar kauri a bayan haƙoran gaba, inda begila ke turawa.

Ba mu sake kiran Kofur don ya sha kunya ba. Mukan dafa ɗan guntun roba da haƙori ɗaya a jiki, mu ɗaure haƙorin da zare mai ƙarfi, mu rataya bokiti, Baba Kofi ya riƙa zuba ruwa. Irin na Salim ruwa bai kai rabin bokiti ba yake ɓallewa. Wanda aka yi wa wanki kaɗai ya ɗan fi. Mai rami da ƙugiya da wanki da dahuwar haƙuri, bokiti ya cika ya tumbatsa, zaren ne ya tsinke, ruwan ya wanke mana ƙafafu. Tsohon ya tsaya cikin ruwa yana kallon haƙorin, ya ce da Hausarsa, "Wannan ya zauna."

Gawayin da muka ƙona nawa ne, daga abincina na rage na saya.

A bakin teku muka yi gwajin, da la'asar, nesa da masunta. Kofur ya sa dasashin, ya motsa baki, ya tofar da yawu. Ya ɗaga begila ya yi busa gajeriya, ya tsaya, ya taɓa haƙoran da babban yatsa. Sai ya gyara tsayuwa kamar yana gaban Bature, ya ja doguwar busar tashin bariki tun daga farko har ƙarshe. Karnukan masunta suka ɗauki haushi. Da ya sauke, ya ciro goro daga aljihu, ya gatsa da gaba, ya miƙa wa Baba Kofi ɓari, ya miƙo mini ɓari.

Ya wuce faretinsa lafiya. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya kai ni ɗakinsa a bariki. Matarsa Yaya Hajara, mutuniyar Soba, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, da daddawar da ta ɓoye tun zuwan wani ɗan'uwanta daga gida. Na sa loma ɗaya na kasa haɗiyewa. Ta ce, "Ci mana ƙanena, ko gishiri ya yi yawa?" Na ce a'a Yaya, zafi ne. Tuwon kuwa ya riga ya huce.

Begila ba ta da sirri. 'Yan sanda suka fara hawowa benen suna cewa irin na Kofur suke so. Salim ya shigo ɗakin baya ya tsare mu, muka nuna masa. Ya juya haƙorin a hannunsa, ya leƙa ramin, ya ce dama ya daɗe yana tunanin haka. Kafin mako ya zagayo an ƙara rubutu a ƙarƙashin ƙaton haƙorin ƙofa, aka karanta mini, wai sabuwar dabara daga ƙasar Turai. Fataken goro suka yi ta santi, suna cewa ai aikin Turawa daban ne. Ni nake juya musu wannan ma.

Sai wata safiya Salim ya kira Baba Kofi ya ce ya tsufa, hannunsa na rawa, ga sha. Sanda ya iya aikin yanzu, mutum ɗaya ya isa. Tsohon ya ɗauki hularsa ya sauka. Ni kuwa na tanka. Na gaya wa Salim da Hausa, tunda ya fi jin zagi da ita fiye da yadda yake nunawa, cewa shi ba dokta ba ne, ba ma ɗan kasuwan kirki ba ne, ƙuda ne da ya faɗa cikin kwanon da wani ya bari. Na ɗauki buhuna na sauka.

Baba Kofi na jirana a ƙasa. "Kai wawa ne," ya ce. "Da ka zauna ka ci abinci." Amma ya ja ni har wurin wani mai tarkacen ƙarfe, ya tono wata tsohuwar tukunyar dafa roba da ya san da ita, ya nuna mini inda take yoyo da yadda zan toshe. Ya kai ni kantin da ake sayen roba da haƙora, ya ce wa mai kantin ni ɗansa ne. A bakin hanya muka rabu. Ban sake jin labarinsa ba.

Kumasi na nufa, cibiyar goro, na ce inda goro yake nan giɓi yake. Na yi aiki a zango, an yaba, an sa albarka, albarka kuwa ba ta sayen roba. Sai zazzaɓi ya kayar da ni. Mutanen da ke ce mini ɗan'uwa suka ja tabarmata zuwa bakin zaure, kada in mutu a ciki in ɓata musu ɗaki. Wani Bazabarme ɗan dako, wanda ban taɓa yi wa komai ba, shi ya riƙa kawo mini koko da safe yana ɗaga kaina. Da na miƙe na ce ƙasar mutane ta ishe ni. Na koma ta teku da jirgin ƙasa, tukunyar ƙarfe a kaina, kowane ɗan kwastan sai ya buɗe ta yana neman zinariya.

Mutanen Tudun Wada ma zinariyar suka zo gani. Da na kwance kaya suka ga tukunya da akwatin haƙora, aka watse ana taɓe baki. Kafin in gama gaisawa da dangi labari ya kai har unguwar Hanwa cewa Sanda ya dawo da haƙoran matattu, wai a maƙabartar Gwalkwas ake tono su. Na fasa ɗaya da guduma a gaban jama'a don su ga tangaran ne irin na kwanon shayi. Suka ce ai ƙashin kafiri haka yake.

Babban mai yaɗa wannan magana maƙwabcina ne, Alhaji Mamman, dillalin gyaɗa, mutumin da bakinsa ya zama kango tun yana da ƙarfinsa, ba ya cin nama sai an daka masa. A majalisa yakan ce, iska na fita ta ko'ina, "Ni in sa haƙorin gawa a bakin da nake salati? Allah ya kiyaye." Jama'a su ce amin.

Wata rana tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, sai ga shi a maƙerata ya ja amawali har hanci. Ya ce zobe ya kawo gyara. Zoben lafiyarsa lau. Ya zauna, ya yi zancen damina, ya yi zancen farashin gyaɗa, can ya ce, "Malam Sanda, abin nan naka, in an sa, ana ganewa?"

Na ce, "In na yi shi, Alhaji, ko matarka sai ta tambaya."

Na yi masa sama da ƙasa. Na wanke, na sassaƙa kowane rami, na lanƙwasa kowace ƙugiya, na dafa da haƙuri, domin aikina ba ya sanin wanda nake ƙi. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Daga nan ya shige gida ya ce ya shiga halwa, wani malami a unguwar Gyallesu ya ba shi wuridi. Da ya fito, ya zauna a majalisa ya wage baki, ga haƙora reras. Ya ce tsirowa suka yi. Aka yi ta kabbara. Aka kai wa malamin rago, shi kuma ya karɓa bai musanta ba. Masu wawulo suka yi ta tururuwa Gyallesu suna shan rubutu, ni ina zaune ina gyaran 'yan kunne. Kaɗan-kaɗan waɗanda rubutu bai karɓe su ba suka fara kawo mini zobba masu lafiya da tsakar rana. Da su na ci abinci, da su na yi aure, kuma duk cikinsu ba wanda ya taɓa gaishe ni da sunan aikin a gaban mutane.

Alhaji Mamman bai fasa ba. Don kada a zarge shi, sai ya ƙara ƙaimi. In na wuce majalisa ya ce, "Ga mai haƙoran gawa nan," yanzu kuma kowane harafi na fita tsaf, ba iska ba yawu. Shekara da shekaru yana tauna goro da aikina, yana zagina da shi.

Ranar da ya rasu, da yake ni ne maƙwabci na kusa, ni aka sa in riƙa zuba ruwa. Mai wankan, wani dattijo da ya wanke rabin unguwar, ya naɗe tsumma a yatsa ya sa a bakin mamacin, sai dasashin sama ya biyo hannunsa gaba ɗaya. Ya tsaya da shi a tafinsa. Ya dube ni, na dube shi. A waje ana ta ba baƙi labarin bawan Allahn da haƙora suka tsiro wa da tsufa. Dattijon ya matsa haƙoran gaba da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya bai motsa ba. Ya mayar da su a hankali, ya ɗaure haɓar, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Zuba ruwa, Malam Sanda. In an kwana biyu akwai zoben da zan kawo maka."